Daidaiton Matakai a Jitar Bes: Yadda Ake Auna Shi da Gyara Shi a Yanayin Kan Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata matsala da ke addabar makaɗan jitar bes, wato yadda tsirkiya kan amsa daidai idan an kaɗa ta a sake, amma sautinta ya karkace da zarar an danna ta a tsakiyar wuyan jita. An ɗauki hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa ta kan iyakar Jibiya, a matsayin farfajiyar bayani, domin a nan ne zafi da bushewar iska da ƙura da doguwar tafiya suke haɗuwa a kan kayan kiɗan da aka ƙera a wasu ƙasashe masu wani yanayi daban. An fayyace dalilin karkacewar ta fuskar lissafi, an jero ayyukan da ake gabatarwa kafin gyara, sannan an kawo yadda ake aunawa da yadda ake gyarawa. Haka kuma an ba da shawarar sunayen Hausa ga sassan jitar, aka kuma kwatanta ta da kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya.

Fitilun Kalmomi: jitar bes, tsirkiya, mataki, sirdi, daidaito, Jibiya

1.0 Gabatarwa

A rukunin kiɗan zamani, jitar bes ce ke riƙe gindin sauti. Ita ce mai kaurin murya, kuma a kanta mawaƙi yake ɗora muryarsa, ko ya lura ko bai lura ba. Idan ta karkace, mai sauraro ba ya cika gane inda matsalar take. Abin da zai ji kawai shi ne kiɗan bai zauna ba, ko kuma muryar mawaƙi ba ta hau kiɗa ba, sai laifi ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. A ɗakin ɗaukar waƙa kuwa, inda fiyano ke ba da sauti tsayayye wanda ba ya motsi, karkacewar bes takan fito fili, ta jawo maimaita ɗauka da asarar lokaci da kuɗi.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne saiti, wato murɗa kunnen jita har tsirkiya ta ba da sautin da aka san ta da shi idan an kaɗa ta a sake. Wannan kowane makaɗi ya iya, kuma ana yin sa kafin kowane wasa. Na biyu shi ne abin da wannan maƙala ta kira daidaiton matakai, wato tabbatar da cewa tsirkiyar da aka saita a sake za ta ci gaba da ba da sauti daidai a kowane wurin da aka danna ta. Ba a kunnen jita ake gyara wannan ba, a gindinta ake gyara shi. Rashin sanin wannan bambanci ne kan sa makaɗi ya yi ta murɗa kunne yana sakewa, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa jitar ta lalace, ya sayar da ita da arha, alhali aikin minti talatin da sukudireba ɗaya zai maido ta hayyacinta.

2.0 Jibiya a Matsayin Mashigar Kiɗa da Kayan Kiɗa

Jibiya tana yamma maso arewa da birnin Katsina. Daga Magamar Jibiya hanya ke miƙewa zuwa Ɗan Isa a ƙasar Nijar, daga can ta zarce Maraɗi. Zumuntar garuruwan biyu ta girmi iyakar kanta, domin sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Auratayya da fatauci da bukukuwa sun ci gaba da haɗa mutanen ɓangarorin biyu, kuma duk inda biki yake akwai makaɗi. Makaɗin da aka gayyata daga Katsina zuwa Maraɗi, ko daga Maraɗi zuwa Katsina, ta wannan ƙofa zai bi da kayansa.

Kiɗan jita ya yi ƙarfi a Nijar. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya rera waƙoƙin Hausa a kan kiɗan jita da bes da ganguna na zamani, kuma faifan Niamey Twice da ya yi tare da Musa Fusi a 1994 ya kai sunansa har Turai. Daga arewacin ƙasar, Bombino da Mdou Moctar sun kai kiɗan jitar Abzinawa duniya. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National da kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya. A ɓangaren Nijeriya, fiyano ne ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, amma ana samun jitar bes a majami'u da rukunonin badujala da wasu ɗakunan ɗaukar waƙa.

Wannan zirga-zirga takan yanke. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. A irin wannan hali kayan gyara kan yi wuya, tsirkiya kan daɗe a jikin jita fiye da ƙa'ida, kai jita wurin gwani a ɗaya ɓangaren kuma ya zama aiki. Saboda haka sanin gyara da hannun kai ya zama wajibi ga makaɗin wannan yanki.

3.0 Jitar Bes da Sassanta

Jitar bes mai amfani da lantarki ta yaɗu ne daga 1951, lokacin da Leo Fender na Amurka ya fitar da samfurin da ya kira Precision Bass. Ma'anar sunan ita ce daidaito, kuma dalilinsa shi ne ƙarafan da aka jera a wuyanta, waɗanda babban gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye ba shi da su. Sassan da wannan bayani ya shafa su ne:

i. Tsirkiya: galibi huɗu ne, na ƙarfe, ana kiran su E da A da D da G, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Kaurinsu kan tashi daga kimanin milimita 1.1 zuwa 2.7.

ii. Wuya: dogon itacen da tsirkiyoyi suka kwanta a kansa. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa domin miƙe shi, wadda za a kira sandar wuya.

iii. Mataki: kowane ɗaya daga cikin ƙarafan da aka gicciya a wuya, guda 20 zuwa 24.

iv. Matashi: ɗan guntun ƙashi ko roba da ke saman wuya, inda tsirkiyoyi suke ɗora kai kafin su isa kunnuwa.

v. Jaki: farantin ƙarfe da ke gindin jita. An aro sunan daga makaɗan goge, domin haka suke kiran abin da ke ɗage tsirkiya daga fatar ƙoƙo.

vi. Sirdi: ɗan ƙarfen da ke kan jaki, wanda kowace tsirkiya take hawa. Yana da sukuru mai tsawo da ke matsar da shi gaba ko baya, da ƙananan sukurori biyu da ke ɗaga shi ko sauke shi.

vii. Maɗauki: maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, mai mayar da kaɗawarta lantarki.

Tsawon tsirkiya mai kaɗawa shi ne tsakanin matashi da sirdi. A mafi yawan jitocin bes inci 34 ne, wato milimita 864, a gajerun kuma inci 30, wato milimita 762. Bisa ma'aunin duniya da ya tsayar da sautin A na tsakiya a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41.2 a daƙiƙa, A sau 55, D sau 73.4, G kuma sau 98.

4.0 Dalilin Karkacewar Sauti

Abubuwa uku ne ke yanke kaifin sautin tsirkiya: tsawonta da ɗaurinta da nauyinta. Gajeriya ta fi doguwa kaifi, ɗaurarriya ta fi sassautacciya kaifi, siririya ta fi kakkaura kaifi. Masana sun daɗe da sanin haka. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya yi lissafin wuraren ɗaure matakan udu a littafinsa Kitab al-Musiƙa al-Kabir, sannan Marin Mersenne na Faransa ya tsara dokokin tsirkiya a 1636.

Idan aka raba tsirkiya biyu daidai, rabin zai kaɗa ninkin yadda cikakkiyar take kaɗawa, kunne kuma zai ji sautin farko ne ya dawo da siririyar murya. Wannan tazara za a kira ta zango. An raba zango kashi 12 masu daidaiton rabo, kowane mataki yana ƙara kaifi da ninkin 1.0595. Shi ya sa mataki na 12 yake tsakiyar tsirkiya, a milimita 432 daga matashi, shi ya sa kuma matakai suke ƙara matsewa idan ana gangarowa gindi. Ana samun wurin matakin farko ta hanyar raba tsawon tsirkiya da 17.817, wanda a jita mai inci 34 zai ba da kimanin milimita 48.5. Domin auna ƙaramar karkacewa, an raba tazarar kowane mataki kashi 100, kowane kashi ana kiran sa sent, ma'aunin da Alexander Ellis na Ingila ya ƙirƙiro a shekarun 1880. Zango ɗaya ke nan sent 1200 ne.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa tsawo kaɗai ke canzawa idan an danna tsirkiya, amma a aikace ba haka abin yake ba. Tsirkiya tana sama da matakai, kuma kafin ta taɓa ƙarfe sai yatsa ya tura ta ƙasa. Turawar nan tana ƙara mata ɗauri, ƙarin ɗauri kuma yana ƙara kaifi. Bayan haka, kakkauran ƙarfe ba ya lanƙwasa nan take a kan sirdi, akwai ɗan guntu a bakinsa da ke sandarewa, ba ya shiga kaɗawa sosai, don haka tsawon da ke aiki ya gaza wanda aka auna. Abubuwan nan biyu suna sa sautin da aka danna ya yi sama da inda lissafi ya ajiye shi.

Maganin shi ne a rama, wato a ja sirdi baya kaɗan domin tsirkiya ta ƙara tsawo. Da yake kakkaurar tsirkiya ta fi bukatar ramuwa, a jitar da aka daidaita za a ga sirdin G ya fi kusa da wuya, na E ya fi nisa, sauran biyun suna tsakani kamar matakalar bene. Samfurin Fender na 1951 sirada biyu kawai gare shi, kowane yana ɗauke da tsirkiya biyu, sai a 1957 aka ba kowace tsirkiya nata sirdin.

Lissafi ya nuna girman abin. A jita mai milimita 864, idan aka ja sirdi baya da milimita 1, aka sake saita tsirkiyar a sake, sautin mataki na 12 zai sauka da kimanin sent 2, na mataki na 19 da sent 4, na mataki na 24 da sent 6, alhali a mataki na 5 saukar ba ta kai sent 1 ba. Wannan ne dalilin da ya sa makaɗin da ba ya wuce matakan farko zai iya shekara bai lura da komai ba, sai ranar da waƙa ta kai shi tsakiyar wuya. Haka kuma, idan tsirkiyar A ta haura da sent 10 a mataki na 12, inda ya kamata ta kaɗa sau 110, za ta saɓa da fiyano da kimanin kaɗawa 0.6 a daƙiƙa, sai a ji sautin yana kumbura yana sacewa kusan kowace daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan rawar sauti ce mai sauraro yake ji ya ce kiɗa bai zauna ba.

4.1 Kwatanci da Kayan Kiɗan Hausa

Gurmi da garaya da molo da kuntigi, haka goge da kukuma, duk ba su da matakai. Makaɗi ne ke zaɓar inda zai ɗora yatsa, kunnensa ne alƙali. Idan fata ta saki saboda danshi, ko tsirkiya ta miƙe, sai ya gusa yatsa kaɗan ko ya matsa ɗaurin da ke riƙe tsirkiya a sanda, sauti ya koma daidai. Da tsirkiya ɗaya tak Ɗanmaraya Jos ya yi ta sarrafa kuntiginsa har rasuwarsa a 2015, Malam Mamman Barka na Nijar kuma, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi kafin ya rungumi biram. A irin waɗannan kaya daidaito yana hannun makaɗi a kowace daƙiƙa. A jitar bes kuwa an kafe wuraren dannawa tun daga masana'anta, abin da ya rage a motsa shi ne sirdi. Wanda ya taso da gurmi ya koma bes yakan yi ƙoƙarin gyara sauti da yatsa kamar yadda ya saba. Matsa tsirkiya da ƙarfi ko ja ta gefe yana iya ɗaga sauti, amma sauke sautin da ya riga ya haura ba abu ne da yatsa ke yi cikin sauƙi ba.

5.0 Ayyukan da Ake Gabatarwa

Daidaita sirdi shi ne aiki na ƙarshe, domin duk abin da ya canza tsayin tsirkiya daga matakai zai rushe shi. Ga jerin yadda ake bi:

Na farko, tsirkiya. Gumi da ƙura suna shiga tsakanin zaren ƙarfen da aka naɗe ta da shi, matakai kuma suna cin cikinta, sai nauyinta ya daina zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Irin wannan tsirkiya ba ta daidaituwa ko an kai sirdi ina. Dafa ta a ruwan zafi, kamar yadda wasu makaɗa ke yi, yana fitar da datti ya maido da ɗan garɗin sauti, amma ba ya cike inda mataki ya ci. Idan an sa sabuwa, a ja ta a hankali a sake saitawa sau da yawa har ta daina sauka, sannan a danna ta da babban yatsa a daidai gaban sirdi domin ta kwanta a kansa sosai, musamman E da A.

Na biyu, lanƙwasar wuya. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 ko fiye, sandar wuya ce ke tare wannan ja. Ana danna tsirkiyar E a matakin farko da na ƙarshe lokaci guda, a dubi tazarar da ke tsakaninta da mataki na 8. Abin da ake so shi ne kimanin milimita 0.3, wato kaurin katin gayyata, kuma ma'aunin da makanikai ke auna bawul da shi ya fi dacewa. Idan tazarar ta yi yawa, a ɗaure sandar da alanki ta hannun dama, idan babu tazara sam a sassauta. Kada juyi ya wuce kwata a lokaci ɗaya, a kuma ba itace sa'o'i ya zauna kafin a ƙara, sannu ba ta hana zuwa. Idan sandar ta cije, a tsaya, domin karyewarta na iya zama ƙarshen wuyan gaba ɗaya.

Na uku, tsayin tsirkiya. Da ƙananan sukurorin sirdi ake gyara shi. A mataki na 17, tazarar kimanin milimita 2.4 a ƙarƙashin E da milimita 2 a ƙarƙashin G ita ce madaidaiciya ga yawancin makaɗa. Mai nauyin hannu ya ɗan ɗaga, mai sauƙin hannu ya ɗan sauke.

Na huɗu, tsayin maɗauki. Idan maganaɗisu ya matso ƙwarai yakan ja tsirkiya, sautinta ya yi ta lilo, ma'auni ya kasa tsayawa. Tazarar kimanin milimita 3, bayan an danna matakin ƙarshe, ta wadatar.

6.0 Aunawa da Gyarawa

Kayan aiki su ne ma'aunin sauti mai nuna sent, da sukudireba ko alanki da ya dace da kan sukurun, da wuri mara hayaniya. Ma'aunin da ake sa wa wayar jita kai tsaye ya fi wanda ake maƙalawa a kai, domin na maƙalawa yana ɗaukar girgizar janareta da ta lasifika. Manhajar wayar hannu ma tana aiki, sai dai makirfon waya ba ya kama kaɗawa 41 da kyau, don haka a haɗa da amfilifaya. A riƙe jita yadda ake riƙe ta wajen kiɗa, domin idan an kwantar da ita a tebur nauyin wuya yakan canza sauti kaɗan.

i. A saita duk tsirkiyoyin huɗu a sake, saboda jan kowace ɗaya yana shafar wuya.

ii. A ɗora yatsa a kan tsirkiya daidai saman ƙarfen mataki na 12 ba tare da dannawa ba, a kaɗa, a ɗage yatsan. Za a ji wani siririn amo kamar na ƙararrawa. Wannan amon shafa shi ne ninkin sautin sake, kuma shi ne ma'aunin gaskiya. A tabbatar allurar ma'auni tana tsakiya.

iii. A danna tsirkiyar a bayan mataki na 12 da irin ƙarfin da aka saba kiɗa da shi, a kaɗa da irin bugun da aka saba. Sauti yakan haura a farkon bugu, don haka a karanta allura bayan ta natsu.

iv. Idan sautin dannawa ya haura amon shafa, tsirkiya ta yi gajarta, a ja sirdi baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, ta yi tsawo, a tura sirdi gaba, wajen wuya. A jaki irin na Fender, juya sukuru ta hannun dama ne ke jan sirdi baya.

v. Kafin a ja sirdi baya a sassauta tsirkiya, don kada kan sukuru ya cinye ko tsirkiya ta ƙuje. Idan gaba ake so kuma sirdi ya ƙi bin sukuru, a ɗan tura shi da yatsa.

vi. A sake saita tsirkiyar a sake, a sake aunawa. Tsallake wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin duk motsin sirdi yana canza saitin sake.

Lissafin da aka kawo a baya yana rage lalube. Idan allura ta nuna haurawar sent 8, sirdi na bukatar komawa baya da kimanin milimita 4. Bayan an gama da tsirkiya ɗaya a koma ta gaba, a ƙarshe a sake zagayawa duka. Yana da kyau a gwada mataki na 5 da na 17 ko 19. Bambancin sent 2 zuwa 3 ba abin damuwa ba ne, domin nauyin yatsa kaɗai yakan kawo fiye da haka.

Idan babu ma'auni, kunne zai iya. A kaɗa amon shafa, a bi shi da sautin dannawa, a saurari wanda ya fi kaifi. Bahaushe, wanda harshensa ke bambanta ma'ana da karin sauti, kuma ya saba fahimtar zancen kalangu, bai rasa kunnen wannan aiki ba, horo kawai yake bukata. Sai dai a kula da wata al'ada ta saita tsirkiyoyi da junansu ta hanyar amon shafa na mataki na 5 da na 7. Tazarar da wannan ke bayarwa sent 498 ce, ta fiyano kuma 500, don haka daga E zuwa G za a tara saɓanin kusan sent 6.

7.0 Idan Sirdi Ya Kasa

Wani lokaci mataki na 12 yakan daidaita amma matsala ta ci gaba. Idan matakai ukun farko ne ke haurawa, matashi ne ya yi tsawo, sai an ƙara zurfin ramukansa da siririn magagari, aikin da ya fi kyau a bar wa gwani, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Idan mataki ɗaya ko biyu ne kawai suka saɓa, a duba ko sun cinye sun yi faɗi, ko sun ɗago daga itace. Idan sirdi ya kai ƙarshen tafiyarsa sauti bai sauka ba, a fara zargin tsirkiya, sannan tsayinta, sannan a auna daga matashi zuwa mataki na 12 a ninka biyu. Sirdin G ya kamata ya zauna kusa da wannan tsawo. Idan ya yi nisa da shi ƙwarai, to an kafa jaki a inda bai dace ba, ko kuma sukurorin da ke riƙe wuya da jiki sun saki.

8.0 Yanayi da Tafiya

Itace yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A yankin Jibiya da Maraɗi, danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, zafi kan haura digiri 40 da bazara, sannan damina ta zo daga Yuni zuwa Satumba da nata danshin. Jitar da aka sayo daga kasuwar Alaba a Legas, inda iska ke da laima duk shekara, za ta fara bushewa da zarar ta iso arewa. Galibi bushewa kan sa wuya ya ƙara lanƙwasa gaba, tsirkiya ta yi sama, sautin dannawa ya haura, bakin matakai kuma ya fito yana kartar hannu saboda itace ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Danshin damina kan mayar da wuya baya, tsirkiya ta kwanta tana zuza a kan matakai. Saboda haka ya kamata a duba jita aƙalla sau biyu a shekara, a farkon hunturu da bayan damina ta zauna, da kuma duk lokacin da aka canza kaurin tsirkiya. Sabuwar jita daga kudu a ba ta makonni ta saba da iska kafin a yi mata gyaran ƙarshe.

Tafiya ma tana da nata tasirin. Motar da ta tsaya a shingen bincike da tsakar rana, bayanta kan yi zafin da ya fi na waje nesa, zafi kuma yana sassauta ƙarfen tsirkiya yana kuma raunana gam. Girgizar hanya tana kwance ƙananan sukurorin sirdi, sai a iso a tarar ɗaya ya sauka. Ya kamata a sa jita a cikin jakarta a cikin mota, kada a ɗaure ta a sama ko a ɗora mata kaya. Idan an isa, a bar ta a jaka a inuwa kamar rabin sa'a kafin a saita. Bayan kowane wasa a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle. Dabara mai sauƙi ita ce, ranar da aka gama daidaitawa a ɗauki hoton jaki da waya, ko a auna nisan kowane sirdi a rubuta, ta yadda idan wani ya motsa a hanya za a mayar da shi cikin mintuna.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bambanta saitin sake da daidaiton matakai, ta nuna cewa karkacewa tana tasowa ne daga ƙarin ɗaurin da dannawa ke jawowa da kuma sandarewar kakkauran ƙarfe, ana kuma rama ta da matsar da sirdi. An nuna cewa gyaran yana bin tsari: tsirkiya, wuya, tsayi, maɗauki, sannan sirdi. An kuma bayyana yadda hunturu da bazara da damina da tafiyar kan iyaka suke sa a maimaita aikin fiye da yadda ake yi a ƙasashen da aka ƙera jitar. Sunayen da aka kawo, irin su mataki da matashi da sirdi da zango, shawara ce da ke jiran gyaran makaɗa da masana harshe na Nijeriya da Nijar. Akwai bukatar a bi tsofaffin makaɗan garaya da gurmi da goge na ƙasar Katsina da Maraɗi a tattara kalmomin da suke siffanta sauti da su, domin a gina kalmomin koyar da kiɗan zamani a kan abin da harshen ya riga ya mallaka.